Amsar Da Ta Makara: Darasi Daga Danjar Gyadi-Gyadi

Ranar wata Litinin da yamma, wajen ƙarfe biyar saura, na taso daga wurin aiki zan koma gida Tarauni, sai cunkoson ababen hawa ya tsare ni a kan titin Zariya, daura da Gyadi-Gyadi. Duk wanda ya saba bin wannan hanya ya san ba baƙon abu ba ne: ga motocin da suka taso daga Unguwa Uku za su shiga gari, ga 'yan Adaidaita Sahu suna kutsawa ta kowace kafa, ga masu talla suna ratsa tsakanin motoci da ruwan leda da goro. Ina zaune danja ta ba mu ja, sai na ji jiniya daga bayana. Motar ɗaukar marasa lafiya ce ta nufi asibiti, wanda tafiyar 'yan mintoci kaɗan ta rage a isa gare shi. Direbobi suka yi iya ƙoƙarinsu, kowa ya ɗan raɓa gefe, har ta iso kusa da gaba. A nan ta cije, domin 'yar kafar da ta rage wani mai kura ne a cikinta da jarkokin ruwa, shi kuma ba shi da halin motsawa, saboda motocin da danja ta bai wa hannu suna ta giftawa ta gabansa.

Sai da wani jami'in ba da hannu ya rugo, ya tsayar da waɗanda danja ta ce su wuce, ya yafito mai kura ya fara ficewa, sannan motar ta samu hanya. Na duba agogo, an doshi minti huɗu. Ko wane ne ke kwance a cikinta, daga rabonsa aka ɗebi mintocin nan, kuma likitoci sun tabbatar da cewa idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Abin lura kuma shi ne danjar ba ta lalace ba. Ta yi daidai abin da aka tsara mata, wato ta ƙirga sakan-sakan ta sauya launi, ba ruwanta da wanda ke jira. Tun daga ranar nake son in ja hankalin mai karatu zuwa ga wani fanni na ilimin kwamfuta da masana suka shafe fiye da shekara hamsin suna bincike a kansa, wanda kusan ba ma jin ana ambatonsa a tarukanmu na fasahar zamani, alhali kuwa rayukanmu na rataye a wuyansa kullum.

Zan kira abin da fannin ke nazari da sunan na'urori masu wa'adi. Kwamfutar da ke kan teburin akawu idan ta ba da amsa daidai, to ta yi aikinta, ko da ta ɓata masa rai da jinkiri. Ita kuwa na'ura mai wa'adi, ba a cewa amsarta daidai ce sai ta cika sharaɗi biyu: lissafin ya fita, kuma ya fita kafin wa'adin da aka yanka mata ya cika. Jakar iskar da ke cikin sitiyarin mota misali ce. Daga lokacin da aka yi karo, dole ne 'yar kwamfutar da ke cikin motar ta gane cewa karo ne ba rami ba, ta ba da umarni, jakar ta cika, duk a cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na sakan. Idan ta buɗe bayan kan direba ya riga ya daki sitiyari, an yi ihu bayan hari.

A nan ne da yawa daga cikinmu, har da masu digiri a fannin, muke yin tuntuɓe, domin mun ɗauka maganar sauri ake yi. Tun a 1988 wani masani ɗan Amurka, John Stankovic, ya rubuta maƙala sukutum don warware wannan rashin fahimta. Abin da ake nema a na'ura mai wa'adi shi ne tabbaci. Na'urar da ke amsawa cikin ƙiftawar ido sau 999, amma ta yi nawa a karo na dubu, ba ta da amfani a ɗakin tiyata, domin ba wanda ya san ko karo na dubun a kan wa zai faɗa. Masana fannin kan ba da misali da mutumin da ya nutse a kogin da matsakaicin zurfinsa bai kai gwiwa ba. Matsakaicin gaskiya ne, amma rami ɗaya da ke tsakiya shi ya ci shi. Saboda haka injiniyan wannan fanni ba ya tambayar tsawon lokacin da aiki ya saba ɗauka. Tambayarsa ita ce: a mafi munin hali, idan komai ya taru ya cakuɗe lokaci guda, nawa zai ɗauka?

Wa'adin ma iri-iri ne. Akwai mai sassauci, kamar na muryar da ke tafiya a wayar salula. Tsarin GSM da ya shigo Nijeriya a 2001 yana yanka murya gunduwa-gunduwa, kowace ta milisakan 20, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Hukumar sadarwa ta duniya ta ba da shawarar kada jinkirin isar murya ya wuce milisakan 150 idan ana son hira ta yi daɗi. In an saɓa, murya ta yi ta yankewa, a yi tsaki a sake kira. Haka tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, wanda aka fara a ƙasar nan a 2011: duk wanda ya tsaya gaban mai POS a lokacin ƙarancin takardun kuɗi na 2023 ya san zafin jinkirinsa, amma a ƙarshe kuɗin kan shiga ko su dawo. Akwai kuma wa'adi mai tsauri, wanda saɓa shi sau ɗaya tak na iya zama asarar rai: birkin mota, injin jirgin sama, na'urar taimakon numfashi, da na'urorin da ke kare manyan layukan lantarki.

Ginshiƙin binciken wannan fanni wata maƙala ce da C. L. Liu da James Layland suka buga a 1973. Tambayar da suka ɗauko mai sauƙin faɗa ce: idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya ce, ayyukan da ke jiran ta kuma da yawa, kowanne yana dawowa a kai a kai da nasa wa'adin, wanne za a fara yi? Sun nuna cewa idan za a raba fifiko sau ɗaya a bar shi, mafi kyawun rabo shi ne a fifita aikin da ya fi saurin dawowa. Sun kuma kafa hujjar lissafi cewa muddin jimillar nauyin ayyukan bai wuce kusan kashi 69 cikin ɗari na ƙarfin ƙwaƙwalwar ba, to babu aikin da zai taɓa saɓa wa'adinsa, komai yawansu. Idan kuwa aka bi wata hanya ta biyu, ta duba wanda wa'adinsa ya fi kusa a kowane lokaci a fara da shi, ana iya cika ƙwaƙwalwar har ɗari bisa ɗari.

Bari in kawo misali na ƙirƙira don a gani a fili. A ce na'urar da ke lura da majiyyaci tana da aiki uku. Tana duba bugun zuciya kowane milisakan 10, dubawar na cin milisakan 2, wato kashi 20 cikin ɗari. Tana auna iskar da ke cikin jini kowane milisakan 40, awon na cin 10, wato kashi 25. Tana sabunta allon da ma'aikaciyar jinya ke kallo kowane milisakan 100, yana cin 20, wato wani kashi 20. Jimilla kashi 65, ƙasa da iyakar Liu da Layland, don haka injiniya na iya sa hannu ya ce ba za ta taɓa makara ba. To, sai wani ya zo da shawarar a ƙara mata aikin tura bayanai ta intanet zuwa wayar likita, aikin da zai ci kashi 30. Jimilla ta koma 95. Na'urar za ta ci gaba da aiki, wataƙila ta yi wata shida lafiya lau, amma wancan tabbacin ya tashi, sai an sake zama an yi sabon lissafi mai zurfi. Wanda bai san wannan ilimi ba zai ga an inganta na'ura ne kawai.

Tarihi ya nuna abin da sanin wannan lissafi ke tsarewa da abin da jahiltarsa ke jawowa. A ranar 20 ga Yuli, 1969, kumbon Apollo 11 na gab da sauka a kan wata sai kwamfutarsa ta fara ƙarar gargaɗi mai lamba 1202, saboda wata na'urar rada tana ta aiko mata da saƙonnin da ke cinye mata lokaci. Kwamfutar nan ba ta kai ƙarfin wayar salula mafi araha da ke kasuwar Farm Centre ba. Abin da ya cece ta shi ne tsarin rabon fifiko da Hal Laning ya ƙirƙiro, wanda ayarin masu rubuta manhaja na jami'ar MIT, ciki har da Margaret Hamilton, suka gina a kai: da nauyi ya yi mata yawa, sai ta watsar da ƙananan ayyuka ta riƙe na sarrafa sauka. Aka sauka lafiya.

A ranar 25 ga Fabrairu, 1991 kuwa, lokacin yaƙin Tekun Fasha, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot da ke Zahran a Saudiyya ta kasa tare wani makami mai linzami na Iraƙi, ya faɗa kan barikin soja ya kashe Amurkawa 28. Bincike ya gano cewa agogon cikin na'urar yana ƙirga lokaci da kashi ɗaya bisa goma na sakan, kuma a kowace ƙirga akwai ɗan kuskuren da bai taka kara ya karya ba. Da aka bar ta a kunne har kimanin awa 100, kuskuren ya taru ya kai kusan sulusin sakan. A cikin sulusin sakan makamin kan ci fiye da rabin kilomita, don haka na'urar ta leƙa inda ba ya nan, ta ɗauka babu komai.

Labari na uku shi ne ya fi kama da abin da na gani a Gyadi-Gyadi. A watan Yulin 1997 kumbon Pathfinder ya sauka a duniyar Mars, bayan 'yan kwanaki sai kwamfutarsa ta shiga kashe kanta tana sake tashi. Da injiniyoyi suka bi diddigi, sai suka tarar wani ƙaramin aiki na auna yanayi yakan riƙe makullin wata ma'ajiyar bayanai. Babban aiki mai fifiko yana buƙatar makullin, dole ya jira. Kafin ƙaramin ya gama ya saki, sai ayyuka masu matsakaicin fifiko su zo su ture shi, tunda sun fi shi daraja. Ta haka babba ya zauna jiran ƙarami, ƙarami kuma matsakaita sun hana shi motsi, har wa'adi ya cika. Maganin wannan cuta yana rubuce tun 1990, a wata maƙala ta masana uku na jami'ar Carnegie Mellon, wato Lui Sha da Ragunathan Rajkumar da John Lehoczky: duk ƙaramin da ya tare wa babba hanya, a ara masa darajar babban har ya wuce. Injiniyoyin suka aika da gyaran daga nan duniya, kumbon ya warke. Mai karatu ya sa motar asibiti a gurbin babban aiki, mai kura a gurbin ƙarami, motocin da ke giftawa a gurbin matsakaita. Jami'in nan da ya fara fitar da mai kura ya aiwatar da ƙa'idar 1990 da hankalinsa, ba tare da ya taɓa jin sunanta ba. Tambayar ita ce me ya hana mu koya wa danjar abin da shi ya sani.

Wasu birane sun daɗe da yin haka. Tun a shekarun 1970 birnin Sidni na Ostareliya ya ƙirƙiro tsarin SCATS, Ingila kuma ta samar da SCOOT, dukansu suna ƙirga motoci ta hanyar wayoyin da aka binne a cikin kwalta, suna ƙara wa hannun da ya cika lokaci suna rage wa wanda ba kowa. Akwai kuma danjojin da ke gane motar asibiti ko ta kashe gobara tun daga nesa su buɗe mata hanya. Sai dai wanda ya ce a sayo irinsu a kafa a titin Zariya bai gama tunani ba. An gina waɗannan tsare-tsare ne a kan zaton kowace mota tana bin layinta. Mu kuwa, tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairun 2013, babur mai ƙafa uku ya mamaye titi, kuma uku daga cikinsu na iya jeruwa a faɗin da aka yi wa mota ɗaya. Wayar da ke cikin kwalta za ta ƙirga su a matsayin ɗaya, ko ta ruɗe. Idan kyamara aka sa, hazon hunturu na iya dushe mata gani, zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 kuma yana gasa akwatin da kwamfutar ke ciki. Ga ɗaukewar wuta. Kowanne daga cikin waɗannan tambaya ce ta bincike mai zaman kanta: yaya za a ƙirga cunkoson da ba ya bin layi cikin sakan ɗaya ko biyu da ƙaramar kwamfuta mai aiki da hasken rana? Idan kyamara ta makance, yaya danja za ta gane ta koma ƙirgen da ta saba? Wace hujja za a kafa cewa ko me ya faru ba za ta taɓa bai wa hannu biyu masu karo da juna kore lokaci guda ba? An kashe maƙudan kuɗi an gina gadar Dangi a kan wannan titi, kuma ta rage wahala, amma ba kowace mahaɗa ce za a yi wa gada ba. Ƙaramar hukumar Tarauni kaɗai ta haura mutum 220,000 a ƙidayar 2006, ballantana yau.

A kan wannan titi dai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a 1988, kuma tun 2002 ake dashen ƙoda a cikinsa. Duk asibitin da ya kai wannan matsayi cike yake da na'urori masu wa'adi mai tsauri: injin wankin ƙoda da dole ya tsayar da famfo nan take idan ya hango kumfar iska a cikin bututun jini, na'urar taimakon numfashi, famfon da ke ɗiga magani a jijiya da awo, kwalabar jarirai bakwaini. Ana ƙera irin waɗannan na'urori ne a ƙasashen da wuta ba ta cika ƙiftawa ba, kuma ko a can ba a sakankance ba. A Amurka ƙa'ida ce janaretan gaggawa na asibiti ya karɓi aiki cikin sakan 10 da ɗaukewar wuta, kuma ana gwada shi a kai a kai ana rubutawa. Sun koyi taka-tsantsan ne da tsada. Tsakanin 1985 da 1987 wata na'urar gasa cutar daji mai suna Therac-25 ta zabga wa aƙalla marasa lafiya shida haske fiye da kima a Amurka da Kanada, wasu suka mutu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne idan ma'aikaciya ta ƙware har tana gyara umarni da sauri cikin 'yan sakanni, sai sassa biyu na manhajar su yi rige-rige, allo ya nuna abu ɗaya, injin ya aikata wani. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka buga a 1993 a kan lamarin har yau ana karantar da shi. Ya kamata kowane babban asibiti a Arewa, na gwamnati da na kuɗi, ya iya amsa tambaya ɗaya da alƙaluma: daga ɗaukewar wuta zuwa tashin janareta sakan nawa ne a mafi munin dare, kuma batirin kowace na'ura minti nawa zai riƙe yau, ba ranar da aka sayo ta ba?

Wutar kanta ita ce babbar na'ura mai wa'adi da muke da ita. Lantarkin da ke isowa Kano ta tashar Kumbotso yana kaɗawa sau 50 a kowane sakan, kuma dokar layin ƙasa ta ce a yanayi na lafiya kada ya fita daga tsakanin 49.75 da 50.25. Ba a tara wutar babban layi a rumbu. Abin da ake samarwa a Shiroro da Kainji da Egbin dole ya yi daidai da abin da ake sha a wannan sakan ɗin. Idan wata babbar tasha ta faɗi, kaɗawar takan fara sauka nan da nan, kuma idan ba a rage kaya cikin 'yan sakanni ba, sauran injuna su ma sai su kashe kansu don tsira, ƙasa ta faɗa duhu. Wannan shi ne abin da muke ji ana kira durƙushewar babban layi, wanda ya faru sau da dama a 2024. Ba aikin da ɗan Adam zai yi da wayar tarho daga cibiyar kula da layin da ke Osogbo ba ne. Aikin na'urori ne da ke aunawa su yanke hukunci kafin mutum ya ɗaga kai. Duhun da ya rufe yawancin Arewa fiye da mako guda a watan Oktoban 2024, sakamakon lalacewar manyan layuka, ya sa jama'a da dama sun koma ga hasken rana da inbata. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta bai wa jihohi damar kafa kasuwar wutarsu. Duk ƙaramin layin unguwa ko na kasuwa da za a gina, yana buƙatar wanda zai daidaita rana da batir da janareta cikin milisakan. Idan ba mu horar da masu wannan aiki ba, za mu yi ta hayarsu da dala.

Na san akwai mai cewa: mutanen da ke fama da ruwan sha da kuɗin makaranta, ina su ina zancen milisakan? Wannan magana tana da nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Amsata ita ce mun riga mun sayi na'urorin. Suna cikin motocinmu, da asibitocinmu, da tashoshin wutarmu, da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Zaɓin da ya rage mana shi ne ko mu fahimce su ko mu yi ta amfani da su a makance, idan sun tsaya mu jira ƙwararre daga Legas ko daga ƙetare. Ƙari a kan haka, wannan fanni na daga cikin mafi arahar fannonin bincike. Lissafin Liu da Layland alli da allo kawai yake buƙata. Manhajar FreeRTOS, wadda ke tafiyar da ɗimbin ƙananan na'urori a duniya, kyauta ce. A 2024 aka shigar da tsarin aiki da wa'adi cikin ainihin manhajar Linux, ita ma kyauta. Ƙananan allunan kwamfuta da ɗalibi zai yi gwaji da su ba su kai kuɗin wayar da ke aljihunsa ba.

Masu ilimin ma muna da tushensu. Jami'ar Bayero, wadda asibitin koyarwar nan nata ne, tana da tsangayar kwamfuta da ta injiniya. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da aka buɗe a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Na sha duba kundayen kammala karatu na ɗaliban injiniya, kuma danja mai sarrafa kanta na cikin batutuwan da suka fi so. Za ka ga an haɗa 'yan fitilu a kan katako, an nuna suna sauyawa, an ba da maki, an ajiye a kabad. Abin da ba ka cika gani ba shi ne shafin da ɗalibi ya auna mafi munin jinkirin na'urarsa ya kafa hujja a kai, wanda shi ne zuciyar fannin. Laifin ba na ɗalibi ba ne, tunda ba a tambaye shi ba, kuma bai taɓa samun alƙaluman titi na gaske da zai gwada aikinsa da su ba.

Saboda haka ina da shawarwari huɗu. Na farko, gwamnatin jiha da hukumar KAROTA su ware mahaɗa ɗaya a tsakanin Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku ta zama ɗakin gwaji na jami'o'inmu, a shekara guda ana ƙirga abin da ke wucewa, rani da damina, a kuma buɗe alƙaluman ga duk mai bincike. Na biyu, duk kwangilar sayen na'urar da rai ya dogara da ita, ta asibiti ce ko ta titi ko ta lantarki, a sa sharaɗin mai kawowa ya bayyana a rubuce mafi munin jinkirinta, da abin da take yi idan wuta ta ɗauke, ya kuma horar da injiniyoyinmu kafin a biya shi cikon kuɗinsa. Na uku, darasin na'urori masu wa'adi ya zama wajibi ga ɗaliban injiniyan kwamfuta da na lantarki, kuma kada a karɓi kundin da ya shafi sarrafa na'ura sai da awon lokaci a ciki. Na huɗu, asusun TETFund da kwamitocin ƙarin girma na jami'o'i su riƙa ba da daraja ga binciken da aka kafa a titi ko a asibiti ya yi aiki shekara guda, kamar yadda suke bai wa maƙalar da aka buga a mujallar ƙetare. Malamin da ya san ba za a ƙirga masa wahalar tsayuwa a rana a bakin titi ba, ba zai tsaya ba.

Har yanzu ina bin titin Zariya safe da yamma, kuma nakan ga jami'an ba da hannu suna tsaye cikin hayaƙi da ƙura suna yin lissafin da ya kamata a ce na'ura ta ɗauke musu rabinsa. Ranar da na ba da labari an yi sa'a jami'in yana kusa, kuma idonsa ya kai. Akwai tsakar dare, akwai ranar ruwan sama, akwai lokacin da ya tafi cin abinci, motar asibiti kuwa ba ta zaɓar lokacin fitowa. Yaran da za su iya koya wa danjar Gyadi-Gyadi ta ji jiniya ta buɗe hanya suna nan a azuzuwan jami'o'inmu, wasunsu ma ta ƙarƙashinta suke wucewa kullum za su tafi lacca. Abin da suke jira shi ne a ba su mahaɗar, a ba su alƙaluma, a kuma yanka musu wa'adi. Allah Ya sa masu iko su ji.